Baƙin Tabarau a Kwazazzabon Kura

Akwai wani maharbi a wani ƙauye da ke tsakanin Baure da Babban Mutum, a ƙasar Daura, ana ce masa Sharu. 'Yan uwa masu bibiyar shafin nan, ku daure ku karanta har ƙarshe, don abin da ya same shi bai fi ƙarfin ya sami kowannenmu ba.

Sharu shi ne Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankin. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da sarautar. Dogo ne, marar yawan magana, mai hannun da ba ya rawa. Da ƙuruciyarsa ya yi farauta har dazukan kudu, ya ga ɓauna ido da ido bai ja da baya ba. Tsofaffi sun ce in zabo ya tashi sama, Sharu kan faɗa maka fiffiken da zai samu tun bai danna kunamar bindiga ba.

To, ana nan sai idonsa na dama ya fara yi masa dishi-dishi. Da fari ya ɗauka hayaƙin albarushi ne. Ya sa kwalli, ya ɗiga maganin da ya saya a kasuwa, abu bai tafi ba. Sannu a hankali wani fari ya fito a tsakiyar ƙwayar idon, kamar an ɗiga nono. Na hagun ma ya soma bin sahu. In ya fita cikin rana, haske ya riƙa sukar idonsa kamar allura.

Idon dama kuwa shi ne idon auna bindiga. Sharu ya san abin da za a ce in magana ta fita. Ya san akwai masu jiran ranar.

Ranar wata kasuwar Daura ya hau mota shi kaɗai, ya sayo baƙin tabarau, irin mai walƙiya kamar madubi, wanda in ka dubi mai shi fuskarka za ka gani. Tun daga ranar ba a sake ganin ƙwayar idon Sharu ba. A masallaci kaɗai yake cirewa, can ma kansa a sunkuye yake har a yi sallama.

Mutane suka ce Sarkin Baka ya shiga zamani. Shi kuwa ya ƙyale su. A wurinsa gara a ce masa ɗan gayu da a ce masa makaho.

Matarsa Kubura kaɗai ta sani. Ba faɗa mata ya yi ba. Gani ta yi wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, ya damƙi iska.

A ƙarshen daminar bara, ana tsakiyar yankan gero, sai kura ta ɓulla a yankin. An fi shekara ashirin ba a ga kura a wajen ba. Wasu suka ce daga Nijar ta tsallako. Wasu suka ce daga hannun masu wasa da kura ta kuɓuce, shi ya sa ba ta tsoron mutum. Cikin mako biyu ta kashe maruƙa uku a rugar wani makiyayi mai suna Jafaru. Daga nan ta bi wata mata da ta je itace da rana tsaka, sai da matar ta hau bishiyar aduwa, ƙayoyi suka yayyage ta, sannan ta tsira.

Mata suka daina zuwa gona. Gero ya nuna, tsuntsaye na ci, babu mai yanka.

Wata safiya Jafaru ya zo ƙofar gidan Sharu yana haki. Ya ce kurar ta dawo rugarsa, ya samu ya soke ta da mashi a cinya, ta ja jiki ta nufi kwazazzabon da ke arewa da gari.

Sharu ya shiga ɗaki ya ɗauko bindigarsa ta toka, irin wadda harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta. Yana ɗurawa Kubura ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, kada ka je," in ji ta. "Ka tura yaronka Misbahu da sauran maharba. Babu wanda zai ce ka gaza."

"Kura ta shigo ƙasata, ni ina ɗaki ina shan fura? To mece ce amfanin sarautar?"

"In ba za ka zauna ba, ka faɗa musu gaskiya, su san yadda za su tsare ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam."

Ya ɗago kai. Ba ta ga komai ba sai fuskarta a cikin tabarau.

"In na sake jin maganar nan a bakinki, ba za ki ji daɗina ba."

Ya saɓa bindiga ya fita.

Su biyar suka kama hanya da hantsi: Sharu, da Jafaru, da wasu maharba biyu masu karnuka, da Misbahu. Shi Misbahun nan magidanci ne ɗan shekara arba'in, ɗan aminin Sharu ne da ya rasu. A hannun Sharu ya koyi harbi, shi ya sa har gobe Baba yake ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Sharu ya daɗe yana jin ana cewa Misbahu ne zai gaje shi, kuma maganar na ci masa rai fiye da yadda zai iya faɗa.

A bayan rugar Jafaru suka tsaya neman sawu. Sharu ya durƙusa ya dubi ƙasa. Bai ga komai ba sai toka-toka, ciyawa da rairayi duk sun zama abu ɗaya. Ya miƙe ya nuna gabas da bakin bindiga.

"Nan ta bi."

Misbahu ya yi gyaran murya.

"Baba, ga jini nan a kan ganyen sabara. Kamar arewa ta yi."

Sharu ya ce, "Na gani. Gwada ku nake yi."

Suka bi jinin. Rana ta ɗaga, ta fara dukan ka. Sun yi tafiyar kusan awa guda, sai Misbahu ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Baba, da ka cire tabarau ɗin nan. Yana walƙiya, tun daga nesa za ta hango mu. Kuma cikin kwazazzabo duhu ne, ko mai ido biyu garau sai ya yi da gaske."

Kalmar nan ta "mai ido biyu garau" ta soki Sharu. Ya tsaya cak, ya juyo, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kai Misbahu! Ni za ka koya wa shiga daji? Ranar da na kashe ɓauna ta farko, ko wando ba ka iya ɗaurawa ba. In sarautar kake so, ka bari in mutu tukuna. Gaggawar me kake yi?"

Maharban nan biyu suka sunkuyar da kai. Jafaru ya kau da fuska. Misbahu ya cire hularsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Na yi kuskure."

Suka ci gaba da bin jinin.

Da suka iso bakin kwazazzabon, karnuka suka ƙi gaba. Suka riƙa gurnani, gashin bayansu a tsaye, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Kwazazzabon ya fi tsawon mutum biyu zurfi, ruwan damina ne ya haƙa shi. Kalgo da geza da sarƙaƙiya sun rufe shi ta sama, har ba a ganin ƙasansa. Wani wari mai nauyi yana tasowa daga ciki.

Sharu ya raba aiki. Ya tura masu karnuka da Jafaru su zaga su tare ɗaya bakin. Ya ce wa Misbahu ya bi ta saman gaɓar hagu, kada ya sauko ko me ya gani.

"Ni kaɗai zan shiga."

"Baba, kura ce mai rauni. A bar ni in bi bayanka ko da taku goma ne."

"Na ce ka hau sama."

Misbahu ya hau.

Sharu ya yi bismilla ya gangara. Taku biyar kacal ya yi, duniya ta yi masa baƙi. Tabarau ɗin da ke tare masa rana a fili, a nan ya zame masa bargo a fuska. Ya ɗaga hannu zai cire. Sai ya tuna Misbahu na sama yana kallonsa. In ya cire yanzu, ya nuna maganar yaron gaskiya ce ke nan.

Ya sauke hannun.

Ya ci gaba da tafiya, yana laluben ƙasa da ƙafa, bindiga a kafaɗa, yatsa a kan kunama. Ba ya jin komai sai bugun zuciyarsa da ƙarar ƙudaje. Warin na ƙaruwa. Ya san tana kusa. Ko gaba, ko dama, ko hagu, wannan ne bai sani ba. Shekara arba'in yana shiga daji, bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai ya ji fito daga sama, gajere, sau biyu. Fiton maharba ne mai nufin a tsaya. Bai tsaya ba. A zuciyarsa ya ce yaron nan har yanzu bai daina ba ni umarni ba.

Ya ƙara taku uku.

Nan take ya ji ƙasa na zubowa ta hagunsa, rassa na karyewa. Wani baƙin abu ya faɗo cikin kwazazzabon, a duƙe. Sharu bai yi wata-wata ba, ya juya ya danna kunama.

Ƙarar ta cika kwazazzabon. Cikin hayaƙi ya ji muryar mutum.

"Wayyo Allah! Baba, ni ne! Damanka! Dubi damanka!"

Kafin ya juya, kura ta auko masa daga dama, daga wani rami da ke ƙarƙashin kalgo, wanda ya zo daf da shi bai gani ba. Nauyinta ya kayar da shi rigingine. Ya tura mata gindin bindiga a baki, ya ji katakon ya dare kamar kara. Ta saki, ta cafki hannunsa na hagu. Ya ji ƙashi ya yi ƙara. Tabarau ya yi tsalle ya faɗi cikin rairayi. Numfashinta mai zafi na dukan fuskarsa, tana jijjiga shi tana neman wuya. Ya lalubi wuƙarsa, ta maƙale a ƙarƙashinsa. Ya fara kalmar shahada.

Sai ya ji ana jan jiki a ƙasa, ana nishi. Misbahu ne. Hannunsa na dama na lilo, jini ya jiƙa rigarsa, ya riƙo bindigarsa da hagu yana rarrafe. Bai iya ɗaga ta ya auna ba. Sai da ya zo daf, ya dafa bakin bindigar a haƙarƙarin kurar, ya danna.

Kura ta yi wata irin ƙara, ta saki hannun, ta faɗi gefe tana shure-shure. Can ta yi shiru.

Su biyu suna kwance cikin rairayi suna haki. Misbahu ya juyo da kai ya dubi fuskar Sharu, ya ga farin da ya rufe idon. Bai yi mamaki ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara biyu."

"Na yi zargi tun ranar da gada ta wuce ta damanka ba ka ko juya ba. Daga sama na hango ta kwance, kana nufarta. In na harba kai zan samu. In na yi ihu za ta zabura. Na yi fito ba ka tsaya ba, shi ne na sauko."

Suka jiyo haushin karnuka da muryoyin su Jafaru suna tahowa a guje. Misbahu ya miƙa hannun hagu ya lalubo tabarau cikin rairayi, ya goge a gefen wandonsa, ya miƙa masa.

"Maida, Baba. Ga su nan zuwa."

Sharu ya karɓa ya maida.

Da su Jafaru suka iso suka ga jini ko'ina, suka hau salati. Jafaru ya yage rawaninsa ya ɗaure kafaɗar Misbahu yana tambayar abin da ya faru.

"Tsautsayi ne," in ji Misbahu. "Santsi ya kwashe ni daga sama, bindigata ta tashi ta same ni. Baba ne ya kashe ta, tana kansa ma ya harbe ta."

Bindiga biyu, harbi biyu. Babu wanda ya ga abin tambaya. Sharu ya bar maganar a haka.

A amalanke aka fito da su bakin hanya, mota ta kai su asibiti a Daura. Sharu ya yi kwana huɗu aka ɗaure masa hannu aka sallame shi. Misbahu ya yi mako uku. An ciro masa ƙarafa goma sha ɗaya daga kafaɗa, likita ya ce jijiya ta tsinke, hannun ba zai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Shi da bindiga sai kallo. Ko fartanya sai da dabara.

A gari kuwa sunan Sharu ya ƙara tashi. Mata sun koma gona, an yanke gero. Duk inda ya wuce sai kirari. Jafaru ya kawo masa ɗan maraƙi har gida. A majalisa ana ta labarin yadda tsoho ya harbi kura tana bisa ƙirjinsa, ana kuma dariyar Misbahu, wai shekara ashirin yana farauta amma bai iya riƙon bindiga a kan gangara ba.

Sharu na jin duk wannan, ya bar ƙaryar na yawo. Abinci ya daina shiga masa. Kubura ta dube shi wata rana ta ce, "Malam, ciwon da ke damunka ba a hannu yake ba." Ya tashi ya bar mata wurin.

Wata Alhamis da la'asar, bayan an sallamo Misbahu, yana zaune a zaure, sai ga Juwairiyya matar Misbahu ta yi sallama, da goyo a bayanta da kwanon dambu a hannu. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo godiya ne. An ce ba don kai ba, da kurar nan ta cinye min miji yana kwance. Ba mu da abin da za mu saka maka da shi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai."

Sharu ya gane ko matarsa Misbahu bai faɗa wa ba. Ta ajiye kwanon ta tafi. Ya daɗe yana zaune, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin tabarau suna shiga gemunsa.

Washegari bayan sallar Juma'a, dagaci ya tara jama'a a ƙofar gidansa don a yi wa Sarkin Baka godiya a bainar jama'a. Misbahu na can gefe a kan tabarma, hannu a rataye a wuya. Maroƙi ya fara zuba kirari. Sharu ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

Ya miƙe, ya cire tabarau, ya buɗe idanunsa sosai, ya juya a hankali don kowa ya gani.

Kowa ya ga farin da ya rufe idonsa na dama.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ku dube ni da kyau. Shekara biyu ke nan ba na gani da wannan idon, ɗayan ma saura kaɗan. Na ɓoye don kada a karɓe sarauta. Misbahu ya ce in cire tabarau, na zage shi a gaban mutane. Bindigarsa ba ta tashi ba. Ni na harbe shi, a lokacin da ya sauko don ya cece ni. Da hannu ɗaya ya rarrafo ya kashe kurar nan tana kaina. Kirarin da kuke yi min nasa ne. Maraƙin da aka ba ni nasa ne. Duk hukuncin da ya dace da ni, a yi min."

Aka ɗauki salati. Wani ƙanen Misbahu ya zabura yana huci, mutane suka riƙe shi. Juwairiyya, da ke cikin mata a bakin zaure, ta dafe baki da mayafi.

Dagaci ya juya ga Misbahu. "Haka aka yi?"

Misbahu ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka aka yi, ranka ya daɗe. Amma ni na yafe tun muna cikin kwazazzabo. Da mahaifina ya rasu, mutumin nan ne ya riƙe gidanmu har muka girma. Ban ga yadda zan tsaya ina kallo a yi masa dariya ba."

Sharu ya taka har gaban tabarmar, ya durƙusa a gaban wanda a shekaru ya isa ya haifa. Misbahu ya yi sauri ya kama shi da hannunsa mai lafiya yana cewa, "Haba Baba, tashi, don Allah tashi."

A ranar Sharu ya ajiye sarauta. Maharba suka haɗa baki suka ce Misbahu suke so, ko da ba zai ƙara harbi ba, don sun ga irin zuciyar da za su iya bi cikin daji.

Bayan wata guda Misbahu da kansa ya raka shi asibitin ido a Katsina. Likita ya duba ya ce yanar ido ce. Aikin bai kai rabin awa ba. Da aka cire bandeji, Sharu ya ga fuskar Kubura sarai, ya ga zanen da ke jikin mayafinta. Likitan ya tambaye shi me ya hana shi zuwa tun farko. Abin da ya yi shekara biyu yana ɓoyo, har ya jawo wa bawan Allah rasa hannu, ashe aikin rabin awa ne.

Idonsa ya warke. Hannun Misbahu bai warke ba.

Da damina ta faɗi bana, mutanen garin sun ga Sharu da fartanya a gonar Misbahu tun da sassafe. Sai da ya gama shuka da noman fari a can kafin ya taɓa tasa. Misbahu ya zo har gonar ya roƙe shi ya bari, ya ce akwai 'yan uwa da za su yi. Sharu bai ɗago ba, yana ta saran ciyawa, ya ce, "Hannunka yana wurina, Sarki. Muddin ina numfashi, da nawa za ka yi noma."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Rauni ba abin kunya ba ne, ɓoye shi don kada a raina ka shi ne haɗari, kuma sau da yawa ba mai ɓoyon ke fara biyan kuɗin ba, na kusa da shi ne. In kana da ciwo ka nemi magani, in ka gaza ka faɗa, in na ƙasa da kai ya ba ka shawara ka saurara, wataƙila shi Allah zai sa ya cece ka. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, ba ku san wanda ke ɓoye nasa ciwon a yau ba.